Gyaɗar Cikin Gwangwani

Kubwa, Abuja,
Ranar Asabar, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko a tashar Jabi ka buɗe ta kuna jiran mota ta cika, ko sai kun wuce Gwagwalada kun miƙe hanyar kudu. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sauke ka inda za ka cikin aminci.

Na san za ka yi mamaki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, ina jin tarinka kana jin nawa, sai ga wasiƙa kamar daga wata ƙasa. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina aka sa maka, nauyi biyu ke nan a bakina. Shekara ashirin da bakwai ban kira sunanka na yanka ba, sai dai Abba, kuma duk wata doguwar magana ta hannun Ummanka take bi kafin ta iso gare ka. Ita kuwa ka san halinta, in na ba ta magana da zafinta sai ta tsaya a hanya ta fifita ta. Sau ɗaya na yi maka magana kai tsaye, ranar Talatar nan, ka kuma ji abin da ya fito. Na ce in ka ajiye aikin gwamnati ka bi kamfanin waya, to ka tafi da ƙafarka, ba da bakina ba. Tun ranar kake gaishe ni kana kallon ƙasa, ga shi gobe da safe za ka tafi. Wannan magana ce ta zaunar da ni yau.

Ƙarar da kake ji ta bango kuwa tsohuwar tafiretar ofishinmu ce, wadda aka jefa sito na roƙa aka bar mini. Tawadarta ta kusa ƙafewa, in ka ga harafi ya dusashe ka cika da hankalinka. Ba ni da wani ilimi da zan ba ka, ka fi ni karatu nesa ba kusa ba. Abin da nake da shi wuraren da na yi tuntuɓe ne, su zan nuna maka.

Kullum da safe in na shiga bas daga Kubwa, da mun hau babban titi sai gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ba barci ba ne sosai, ina jin kwandasta yana kiran unguwanni, ina jin gwiwar na kusa da ni. Amma da na lumshe ido sai in ga kwalta ta naɗe, fitilun titi sun nutse cikin ƙasa, duwatsun nan sun tsaya su kaɗai, a gindinsu gonakin doyar mutanen Gbagyi, yadda na tarar da ragowarsu lokacin da aka dawo da mu garin nan. Can sai gonar ta juye ta zama tamu ta ƙasar Ɗambatta, jar ƙasa mai yashi, gyaɗa ta rufe kunyoyi, Baba a sunkuye can ƙarshen gona. Ban taɓa ganin ya ɗago ba. Sai birki ya farkar da ni cikin cunkoso, in ga samari sun kewaye motar, wannan da katin waya, wannan da ruwan leda, wancan da caja. Nakan dubi hannuwansu in suna miƙo kaya ta taga. Hannun fartanya ne, Abba, kantar tana nan a tafin. 'Ya'yan manoma ne daga irin garuruwanmu, kuma yawancinsu ko damina ta faɗi ba su komawa.

Lokacin da nake yaro, in an tambayi mutum sana'arsa, abin da yake yi da rani ake nufi, domin da damina kowa manomi ne, har liman, har maƙeri. Gyaɗa ce ke yi mana sutura, ita ke yi mana aure. Kakanka yana da irinsa na gida da ya gada wurin nasa uban, wata 'yar ƙaramar gyaɗa ja, ƙwaya uku a kwanso, mai zaƙi da yawan mai. Ba ta cika buhu kamar irin da malaman gona suke rabawa, amma ko ruwa ya ɗauke mako uku tana nan da ranta. Duk kaka yakan zauna ya tsince masu kyau da hannunsa, ya zuba a tulu, ya barbaɗa toka, ya liƙe bakin da laka. Ko yunwa ta shigo gida ba a buɗe wannan tulu.

Ina da shekara goma sha tara wani ɗan garinmu ya dawo daga Kaduna da keke da agogo da rediyo. Ya ce masaƙa tana ɗibar ma'aikata, kuma ana biyan albashi duk wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Wannan ta ƙarshen ce ta tafi da ni. Na sami Baba ana sharar gona na faɗa masa zan tafi. Ya tambaye ni wa zai ɗauki ɗaya fartanyar. Ni kuwa na buɗe baki na ce noma aikin wanda ya rasa wata hanya ne. A gabansa na faɗi haka, yana riƙe da manjagara. Bai zage ni ba, bai kuma sa mini albarka ba. Ranar tafiya, na riga na hau bayan babbar mota, sai ga shi ya zo da ƙullin tsumma ya miƙo mini.

“Ga iri,” in ji shi. “Duk inda ka sauka ba za ka rasa ƙasa taku biyar ba. Ka riƙa sa shi duk damina, kana ɗebe na baɗi.”

Na karɓa daga sama. Ban sauko na durƙusa na nemi ya sa mini albarka ba. Na gaya wa kaina tsoro nake kada mota ta tashi ta bar ni, amma gaskiyar magana idon samarin da ke cikin motar ne ya hana ni.

A Kaduna bayan ɗakinmu akwai fili, har ya fi taku biyar, nan muke watsa ruwan wanki. Ni dai na juye irin a gwangwanin madara, na danne murfi, na tura ƙasan akwati. Ina ma'aikacin masaƙa mai riga da lamba, a gan ni a sunkuye ina yin kunya da fartanya? Duk damina sai in ce baɗi. In na je gida da sallah Baba yakan bari sai an watse ya ce, “Irin nan fa?” Ni kuma in ce, “Yana nan, Baba.” A lissafina ban yi ƙarya ba, tun da yana nan ɗin.

A shekarata ta shida a Kaduna fari ya biyo fari a gida, sannan wani ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ganye ya murɗe ya tsuke, ba ta yi 'ya'ya ba. Garinmu kaf aka rasa iri, har tulun Baba. Sai ya aiko baffanka Sale Kaduna a karɓo. Sale ya ce mini Baba yana gaya wa mutane a ƙofar masallaci su kwantar da hankalinsu, ɗansa yana can yana juya irin duk shekara, kowa zai samu ko da cikin tafi ne. Na ciro gwangwanin na buɗe, na ga gyaɗa lafiya lau a ido, ko ƙwaro bai taɓa ta ba. Na ɗauki hutu na kai da kaina, har da ɗan alfahari. Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya dubi gwangwanin. Tun a nan ya gane. Duk da haka da ruwa ya sauka ya yi kunyoyi uku a bayan gida ya shuka. Kullum da safe sai ya je ya tsuguna a gefe, ni ina leƙensa ta zana. Kwana goma ba abin da ya fito sai ciyawa. Abin da kawai ya tambaye ni shi ne yaushe hutuna zai ƙare.

Har yau ina tuna tsugunon nan. Ni na ɗauka ajiya nake yi, ashe tun shekara ta biyu ko ta uku abin ya mutu a hannuna. Don haka, Abba, duk abin da ka iya, ka riƙa taɓa shi. Karatun da ka yi, Alƙur'anin da ka haddace, zumuncin da ka tarar, babu wanda ke zama da ransa a ƙasan akwati. Kuma kada ka saba da amsar da kalmominta gaskiya ne alhali ka san mai tambayar wani abu dabam zai fahimta. Ta fi ƙarya daɗewa tana cin mai ita.

Kada ka ɗauka ban ji daɗin masaƙa ba. Na so ta ƙwarai. In jiniya ta yi kuka da yamma aka buɗe ƙofa, kekuna ne ke malalowa titi har ba ka ganin kwalta, Bahaushe da Tibi da Ibo da Bajju, kowa da ƙurar auduga a gira. A ciki ƙarar injuna ba ta barin a ji magana, sai muka koyi karanta leɓen juna. Can na bar kunnena na hagu, shi ya sa Ummanka take zama ta damana in tana son in ji, ta koma hagu in mita za ta yi. Wani lokaci a kasuwa sai in ga mace ta wuce ɗaure da atamfar da na san daga layinmu ta fito, in bi zanen da kallo har sai na tuna kada a yi mini wata fassara. A lokacin mun ɗauka ƙasar nan ta gama da gona, gaba ɗaya masana'anta za ta koma, 'ya'yanmu da jikokinmu duk ta ƙofar nan za su shiga.

Alamu sun zo, ni ne na ƙi gani. Inji ya lalace, maimakon a gyara sai a kwance shi a gyara wani da kayansa. Aka rage aikin kwana, aka ce na ɗan lokaci ne. Yadin waje ya cika kasuwa da araha, har Ummanka ta saya ta ɓoye a ƙasan adaka, ta ɗauka ban san saƙar da ba tamu ba. Wani abokin aikina ya ajiye ya tafi koyon gyaran mota, na bi shi da dariya, na ce ya bar inuwa ya shiga rana. Bayan shekara biyu aka liƙa takardar sallama a bakin ƙofa, muka taru muna bin sunaye da yatsa, na sami nawa. Na tattara na koma gida da niyyar noma, sai na tarar noman ma ya bar ni. Kwana uku hannuna ya yi bororo, bayana ya ƙi miƙewa, sa'o'ina kuwa rabi suna birni suna gadi ko dako. Damina ɗaya na yi na gudu. Saboda haka a duk inda kake aiki, kada ka tsaya ga abin da manya ke faɗa a taro. Ka duba abin da aka daina gyarawa. Ranar da ka ga ana kwance wani abu don a raya wani, ka fara koyon wata sana'a, ko da albashi bai tsaya ba tukuna.

Da na koma Kaduna sai na shiga ajin yamma na koyon tafireta. Yatsun da suka saba ɗaura zare ba su sha wuya ba. Allah ya taimake ni na samu shiga wata ma'aikatar tarayya a matsayin mai buga takardu, da aka kwaso ma'aikatu zuwa Abuja aka kwaso da ni. Ɗakinmu tafireta goma sha biyu ne, in duk suka ɗauka sai in ji kamar na koma masaƙa, hankalina ya kwanta. Wannan karon na ce na iso. Gona tana jiran ruwa, masaƙa tana jiran kasuwa, gwamnati kuwa ba ta jiran kowa. Ba ni kaɗai ke wannan tunani ba, a garinmu mutum yakan sayar da sa don ɗansa ya yi karatu ya zauna ƙarƙashin fanka. Na yi wa kaina alkawari babu ɗana da zai yi aikin da sama ko kasuwa za ta iya kashewa.

Bayan dawowar mulkin farar hula sai ga kwamfutoci a kwali, aka ce kowa ya sa suna a koya masa. Akwai abokiyar aikina Madam Bisi, Bayarabiya, ta girme ni da shekara biyu, ita ta fara sa suna. Wata rana ta jawo kujera kusa da tata ta dafa.

“Malam Haliru, zo ka zauna,” in ji ta. “Wannan abu ba ya cizo. Ni ma tsoho ne, na koya. Oga ya ce nan gaba babu tafireta, o.”

Na ce mata ni mai buga kwafi huɗu ne da takardar kabon ba kuskure ko ɗaya, ba na bukatar injin da ke gyara wa raggo rubutu. Aka yi dariya, na ji daɗin kaina. Abin da ban faɗa ba shi ne tsoro nake ji. Yaran da za su koyar ɗin sa'o'inka ne, ni kuma da furfura, in zauna ina lalube suna kallo. Wannan ya fi ƙarfina. Yau Madam Bisi tana ofishin darakta da kwamfutarta. Ɗakinmu an mai da shi wurin ajiye tsofaffin fayiloli. Wata tara ke nan ina shiga bas kullum in je in zauna, babu mai miƙo mini ko takarda ɗaya. Yanzu ana rage masu buga takardu da masinjoji da direbobi, kuma sunana yana ciki. Ummanka ta sani, na hana ta gaya maka.

Ka lura, abin da ya hana ni sunkuyawa a bayan ɗaki a Kaduna shi ne ya hana ni zama kusa da Madam Bisi. Idon mutane ne. Waɗanda nake jin nauyin idonsu kuwa ko sunayensu ban riƙe ba yau. In abin koyo ya zo, ka zauna ka koya, ko a hannun wanda ka haifa ne, ko ana yi maka dariya. Dariyar mako guda ce.

Yanzu na zo kanka. Shekara uku na yi ina bin darakta don ka samu wannan aiki da za ka ajiye. Nakan riga shi fita daga masallacin ofis bayan azahar, in tsaya kusa da takalmansa, in ya fito in rusuna in ce, “Yallaɓai, maganar yaron nan.” Shi kuma ya ce a dai ci gaba da addu'a. Ranar da takardarka ta fito na yi sujada a ofis. Ka yi wata takwas, ku huɗu a tebur ɗaya, jarida ɗaya tana zagaya ku, kai da ka karanta aikin lantarki. Ummanka ta sha gaya mini kana cewa kanka yana yin tsatsa, ni kuma in ce ai tsatsa mai fansho ce. Sai cikin kwanakin nan na ga abin da na yi. Na ɗauko ka da ranka da ƙarfinka na zuba a gwangwani na danne murfi, don in an tambaye ni in ce yana nan.

Ranar Talata da ka zo mini da maganar, a ranar na ga sunana a takardar waɗanda za a rage. Na dawo gida ina ganin aƙalla ɗayanmu yana cikin aikin gwamnati, sai ga ka kana cewa za ka fita da ƙafarka. Ga nauyin darakta, da wane ido zan dube shi. Ga kuma abin da ban gane ba. Baba yana iya damƙar gyaɗarsa, ni ina iya shafa yadina, ko takarda ma ana riƙe ta a sa a fayil. Kai kuwa an ce za ka riƙa bin dazuzzuka kuna kafa ƙarfen sabis, kamfani yana sayar wa mutane maganar bakinsu. Na yi ta juya abin, na kasa ganin me ake nomawa a ciki.

Shekaranjiya na gaji da zama, na bar ofis da wuri na sauka Jabi, na taka har bakin tafki. Ruwan ya kwanta, gajimare yana tafiya a cikinsa, can nesa kan dutse ga irin ƙarfen naku a tsaye. Kusa da ni akwai mai lema da waya ta haya, sai wani lebura ya zo, siminti har gashin ido, ya ba da lamba aka buga masa. Da jin harshensa mutumin wajenmu ne. Bayan gaisuwa abin da ya fara cewa shi ne, “Inna, an yi ruwa?” Ban san me aka ce masa ba, sai na ga ya tuntsire da dariya yana share ido da bayan hannu. Ni a Kaduna wannan tambayar mako biyu take yi a hanya, amsarta mako biyu. Na zauna ina kallon ƙarfen, sai na riƙa jin kamar muryoyi ne ke wucewa ta saman kaina, ta saman duwatsu da gonaki, wannan tana tambayar ruwa, wannan tana sanar da haihuwa, kowace ta san gidan da za ta. Da akwai wannan a zamanina, wataƙila da wata rana na kira Baba na faɗa masa gaskiya tun irin yana da rai. Na tashi daga wurin ban gane aikinka duka ba, amma na daina cewa ba aiki ba ne.

Saura labarin kunyoyi bakwai ɗin nan na bayan gidanmu, tsakanin katanga da kwata, waɗanda kuke yi mini tsiya kuna cewa gandun Baba. Da kakanka ya rasu, cikin masu zuwa gaisuwa akwai ƙanwarsa Gwaggo Asabe, wadda aka kai aure can nesa wajen Haɗeja tun kafin a haife ni. Ta zo da dafaffiyar gyaɗa a ƙwarya don baƙi. Na ɓare ɗaya ba da wani tunani ba, sai ga ƙwaya uku, jajaye. Na ce ta faɗa mini inda ta samo. Ashe ranar da za a kai ta ta ɗebi cikin tafi daga tulun gidansu, kuma tun daga nan take shukawa a 'yar gonarta ta bayan ɗaki, ba ta taɓa tsallake damina ba. Na ce mata, Gwaggo, ai an yi shekaru ana jimamin irin nan ya ƙare.

“To wa ya tambaye ni?” in ji ta. “Ku maza kuna can kuna jimaminku.”

Baba ya tafi yana ganin irin ubansa a hannuna ya ƙare. Wannan ba ta gyaruwa. Amma ta aiko mini da ɗanye, kuma tun daga lokacin ban sake tsallake damina ba, a Kaduna ko a nan. Ka tuna kana ɗan shekara takwas na zane ka don ka ci gyaɗar cikin ƙaramar ƙwarya, alhali ga buhu an bar muku? Ba ka taɓa sanin dalili ba. Iri ne ka ci, kuma ba kai nake duka ba a ranar. Ka yafe mini.

Aikin nan da za ka shi ma zai wuce, Abba. Na ga gona ta sallami mutane, na ga masaƙa ta sallame su, ga ofis yana yi, kuma kowanne a ranarsa an rantse ba ya ƙarewa. Yanzu kowa bakinsa waya da banki, gari ya cika da sababbin motoci, ana ta gini kamar ba gobe. Ka ci moriyarsa, ka yi aikinka da gaskiya, amma kada ka jingina da shi da duka bayanka. In za ka hau ƙarfe ka ɗaura igiyarka ko da abokan aiki suna cewa tsoro ne. In a gonar wani za ku kafa, ka nemi mai gonar ka gaishe shi da kyau, ƙasar ta riga ku zuwa. Kada sallah ta wuce ka a sama. Maganar darakta kuma ka bar mini, ranar Litinin zan je in tsaya wurin takalmansa in faɗa masa da bakina. Daga nan zan wuce wurin Madam Bisi in ga ko kujerar nan tana nan, ko da wata biyu ne suka rage mini.

Maganar da na yi ranar Talata na janye ta. Ka tafi da ƙafarka, ka tafi da bakina, ka tafi da zuciyata gaba ɗaya. Na yarda, na kuma sa maka albarka. Ba sai ka zo ka durƙusa ba, na san nauyin da ke tsakaninmu, kuma gobe ba zan raka ka tasha ba don kada in ba da kaina a gaban mutane.

Ka duba ƙaramin aljihun jakarka na gefe, Ummanka ta sa maka ƙulli. Na bana ne, da hannuna na tsince. Na ji an ce kowane ƙarfe ana kewaye shi da waya a sa mai gadi, to a ciki ba za a rasa ƙasa taku biyar ba. In kuma an ɗauke ka kafin kaka, ka bar wa mai gadin, ka gaya masa ya ɗebe na baɗi. Zan tambaye ka, domin na san kaina, duk zuwan da za ka yi sai na bari an watse na tambaya. In ka shuka ka ce ka shuka. In ba ka shuka ba ka ce, Baba, ban shuka ba, in ɗebo maka wani a bayan gida. Abu ɗaya kawai nake roƙonka, kada ka ce mini yana nan.

Na buga sunayen mutane ba iyaka a kan wannan tafireta, na ɗauka aiki da na sallama, ban taɓa buga wannan ba sai yau. Allah ya yi maka albarka, Idrisu. Allah ya kiyaye ka a hanya da masauki, a ƙasa da saman ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya jiƙan mai sunan, ya kai haske kabarinsa. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haliru.